Tsagar Kawu a Fuskar Maci Amana

Ban riski kakana na wajen uba ba, amma duk wanda ya san shi ya ce gajere ne, baƙi, mai i'ina, kuma in ya yi fushi i'inar takan ƙaru har sai ya haƙura da faɗan ya shige gida. Shi ne dagacin ƙauyenmu, can tsakanin Roni da Gwiwa, a ƙarshen zamanin Turawa, kafin a tuɓe shi. A fim ɗin da aka yi kan rayuwarsa kuwa dogo ne, fari, mai saje, yana zuba magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ranar da na fara ganin jarumin na ce wa Inna, mahaifiyata, da haka surukinki yake ai da Baturen ma ya ji nauyin tuɓe shi. Ta ce in kama bakina, mamaci ake magana.

Baffa ne ya kawo 'yan fim, wato yayan mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ya yi aiki a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, ya dawo gida da gonaki da ciwon baya da lokacin da bai san yadda zai yi da shi ba. Abin da ke cin ransa shi ne yaran yanzu ba su san wane ne ubansa ba. Sarautar ta koma wani gida tun tuni, an manta da mu. Wani ɗan abokinsa ya haɗa shi da wani darakta a Kano, aka yi ta kai da komo, ran nan sai ga motoci cike da samari da akwatuna sun tsaya a ƙofar gida. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, muna hutu, na kwaso yarana na taho kallo. Duk gidan ba wanda ya kai ni ɗoki.

Labarin da muka taso muna ji ba shi da tsawo. A zamanin ana karɓar jangali, harajin shanu, kowace saniya da kuɗin kanta. Wata shekara ciwo ya shiga garkuna aka yi asara, kakana ya ga in aka ƙirga abin da ya rage yadda yake, makiyayan ƙasarsa ba za su sake tashi ba. Sai ya aika musu a asirce su kora rabin shanun bayan duwatsu kafin masu ƙirga su iso. Suka kora. Amma suka bar maruƙa a ruga, ɗaure a dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta, don ba wanda ya taɓa jin an ja ɗan maraƙi an hau dutse da shi da rana tsaka. Malamin jangali ya zo da Baturensa, ya ƙirga shanu, ya waiga ya ga maruƙa sun fi iyaye yawa. Yana cikin mamaki iyayen suka jiyo kukan 'ya'yansu, suka fara gangarowa daga dutse da ƙafarsu. Haka aka tuɓe kakana. Ba wanda ya kai ƙararsa, maruƙa ne suka tona masa asiri, kuma in tsofaffi na ba da labarin sai sun yi dariya har da hawaye.

Cikin waɗanda aka ɓoye wa shanu akwai kakana na wajen uwa. Bayan tuɓewar, shi ya fara jawo saniyar tatsa ya kawo gidan dagaci don yara su sha nono. Daga nan zumunci ya ƙullu tsakanin gidajen biyu, har ya kai ga auren Inna da Baba. Kawu, yayan Inna, shi ya gaji rugar da ke bayan duwatsun. In ka ga garkensa sai ka ce attajiri ne, alhali nasa na kansa ba su taka kara sun karya ba. Yawancinsu shanun amana ne. Ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kazaure, da Roni, da ƙauyukan kewaye, kowa ya sami 'yan kuɗi sai ya sayi karsana ya kai wa Kawu. Shi ya kiwata, ya sha nono, ya sami takin gonarsa, in an yi haihuwa da yawa a ba shi maraƙi. Da wannan ya ci da iyalinsa tun yana saurayi. Ba takarda, ba shaidu, sunansa ne kawai jarinsa.

Akwai wata al'ada da nake gani tun ina yarinya. In saniyar amana ta mutu, makiyayi yakan feɗe ta ya naɗo fatar da kunnuwan a jiki, ya kai wa mai ita don ya ga shaidarsa a kunnen ya tabbatar mutuwa ta yi, ba sayar da ita aka yi ba. Kawu bai taɓa fasa kai fata ba, kuma ba a taɓa buɗe fatarsa ba. Zai ajiye ta a zaure, mai gida ya kawar da kai ya ce, “Haba Malam, ɗauke abin nan, wa zai duba fatarka? Allah ya mayar da alheri.” Shi kaiwa yake yi, su kuma ƙin dubawa suke yi, kowa ya sauke nauyin da ke kansa.

Kawu yana da tsaga irin ta gidansu. Bille ɗaya a kuncin hagu da ya taso daga gefen hanci, gajeru uku-uku a gefen baki, sai wata 'yar tsaye a tsakiyar goshi. A duk yankin gida ɗaya ne ke wannan askar. Mata kuwa, na gefen baki kawai ake yi musu, Inna tana da su. An daina yi tun kafin a haife ni, don haka a cikin maza Kawu kaɗai ya rage da ita cikakkiya, sauran sun rasu ko sun yi kudu da shanunsu. A kasuwar Gwiwa ba sai ya faɗi ko shi ɗan gidan wa ne ba.

Shanunsa aka ara don fim ɗin. Ranar da muka je rugar da 'yan fim ya sa aka dama musu fura a manyan ƙore, suka sha har wasu suka kwanta a inuwa. Cikinsu akwai wata yarinya mai yi wa 'yan wasa kwalliya, 'yar birni, mai fara'a. Tun da ta ga Kawu ta kasa ɗauke ido.

“Baba, don Allah in ɗauki hotonka? Zanen fuskarka ya burge ni.”

Kawu ya yi dariya ya ce, “Tsohuwar fuska me za ki yi da ita, 'yar nan?” Amma ya cire malafarsa, ya gyara zama, ya juya mata hagu ya juya mata dama yadda ta ce. Ni ma dariya nake yi, ina tsokanarsa wai zai yi suna a Kano.

A ranar ne kuma na ji darakta yana yi wa Baffa bayani a gindin tsamiya. Yaro ne mai ladabi, a tsugune yake magana. Ya ce, “Alhaji, labarin maruƙan nan yana da daɗi, amma dariya za a yi, ba za a ji tausayin marigayi ba. Fim ba ya tafiya sai da mugu. A bari mu sa wani ya ci amanarsa.” Baffa ya ce, “To, a sa. Amma kada a kama sunan kowa.” Darakta ya ce har abada. Wannan ɓangaren ba a ƙauyenmu suka ɗauke shi ba, sai da suka koma Kano, don haka ba wanda ya ga an yi shi.

Bayan wasu watanni fim ya fito. Baffa ya sa aka fito da babbar talabijin tsakar gida bayan la'asar, aka tada janareta, aka shimfiɗa tabarmi, maza a gaba mata a baya, rabin ƙauyen ya hallara. Kawu bai zo ba, lokacin shayar da shanu ne.

Mun sha dariya a farko. Ga kakana yana jawabi a gaban jama'arsa, ga ƙarfen sabis ɗin waya tsaye a kan dutse a bayansa. Ga shi yana alwala da butar roba. Baturen wani farin yaro ne da aka yi wa dam-dam da hoda, an manta da wuyansa. Rawanin dagaci ya shiga zaure fari ya fito shuɗi, magana ɗaya bai gama ba. Can nesa wani ɗan acaba ya gifta da buhun gero, yara suka gane shi suka yi ta ihu suna kiran laƙabinsa. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho da kowa ya sani an ƙirga ta a ruga, sai kuma ga ta a bayan dutse cikin waɗanda aka ɓoye. Wani tsoho ya ce to ai wannan ta fi dagacin wayo. Har Baffa sai da ya murmusa, duk da ransa bai so ba.

Daga nan aka nuno aminin dagaci. A fim ɗin makiyayi ne, kwano ɗaya suke ci, shi dagaci ya fara gaya wa sirrin. Da fari daga nesa ake nuna shi, da malafa. Sai ga shi ya saɗaɗa wajen Bature, ya durƙusa, ya cire malafar, kyamara ta matso har fuskarsa ta cika talabijin. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba su ke nan ba. Akwai wasu a bayan dutse.”

Bille a kuncin hagu. Uku-uku a gefen baki. 'Yar tsaye a goshi. Yarinyar ba ta kuskure ko ɗaya ba, har ɗan lanƙwasar da billen Kawu ya yi a ƙasa sai da ta fitar.

Dariyar ta yanke. Wata tsohuwa a bayana ta yi salati ta ce, “Ai wannan askar gidan su wance ce.” Ba ta faɗi suna ba, ba ta kuma buƙaci faɗa ba. Na ga kawunan mata suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ja mayafinta ta rufe bakinta, ta zauna a haka har aka gama. Ni kuwa na kasa gane abin da ya faru a sauran fim ɗin.

Da aka watse na sami Baffa. Ya ce, “Kuskure ne, kowa ya san kuskure ne. Wa bai san labarin maruƙa ba?” Na ce, “Baffa, waɗanda suka sani tsofaffi ne, kuma ba su da waya.” Ya ce in bar ɗaga hankalina, kwana biyu za a manta.

Washegari na kira darakta. Ban yi masa da daɗi ba, don ni in raina ya ɓaci ba na tauna magana. Ya saurare ni har na gama, ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce wallahi ba su san zane yana da masu shi ba, su a ganinsu ado ne na mutanen da, yarinyar ta ga ya dace ne kawai. Ya ce, “Hajiya, fim ne fa, kowa ya san wasa ne.” Ya yi alkawarin zai sa rubutu a farko cewa wasu abubuwan ƙirƙira ne. Wataƙila ya sa, ban sani ba. Kafin nan fim ɗin ya riga ya shiga hannun masu tura finafinai a waya, daga Kazaure har Babura, kowace rumfar caji akwai shi. Wani mai son abin dariya kuma ya yanko daidai wurin nan na durƙuso ya sake shi shi kaɗai, ba farko ba ƙarshe. Wanda bai ga fim ɗin ba ya ga wannan.

Hausawa suka ce gani ya kori ji, ban san nauyin maganar ba sai a lokacin. Ƙarfen sabis da butar roba an yi musu dariya an wuce, ba wanda ya ce ashe a zamanin Turawa akwai waya. Amma tsagar nan sai aka ce ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa ba su zana wata ba sai wannan? Ai Alhaji ne ya ba su labari, kuma ɗa ya fi kowa sanin wanda ya ci amanar ubansa. Ashe labarin maruƙa rufa-rufa ce saboda surukuta. Har a ɗakin malamai na makarantarmu na ji wata tana wannan lissafin, ba ta san ni ce ba. Na tashi na gaya mata ko ni wace ce, ta ba ni haƙuri, amma a idonta na ga na ƙara mata hujja ne kawai.

Da a wani zamani ne da abin ya tsaya a gulma. To a lokacin labaran da ke zuwa daga yamma ba su da daɗi. Kullum sai ka ji an kore shanu a wani wuri, ko an shiga wani ƙauye an ɗauki mutum, kuma kowane labari da yadda yake ƙarewa: ai da ɗan gari, ai akwai infoma. Mu abin bai iso mu ba, amma tsoronsa ya iso. Mutane suka shiga duban juna. A irin wannan lokacin a ce ubanka mai kai rahoto ne, gara a zage ka ta uwa ta uba.

Yara suka fara. Ranar kasuwar Gwiwa Kawu yana wucewa ta layin masu gyaran waya, wani ya ƙanƙance murya ya ce, “Ranka ya daɗe, akwai wasu a bayan dutse.” Aka fashe da dariya. Kawu bai ga fim ɗin ba, bai san me ake nufi ba, har ya tsaya ya tambaya ko shanun wani ne suka ɓace. Dariyar ta ƙaru. Matarsa ce ta ba ni wannan labarin, tana yi tana share ido. Ta ce ita ma masu sayen nononta sun ragu, wasu in ta sauke ƙwarya sai su ce sun riga sun saya.

Na hau acaba na je rugar da kaina. Na same shi yana cire wa wata saniya kaska. Muka gaisa, ya tambayi yara da maigidana ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Malama, nuna mini abin nan da ake ce ina ciki.” Na so in yi masa hanya-hanya, ya ce in nuna masa. Na buɗe wayar na miƙa. Ya riƙe ta nesa da ido ya kalla, ya ce in maimaita, na maimaita.

“Yarinyar nan tana da hannu,” in ji shi. “Ko wanzaminmu iyakar abin da zai yi ke nan.” Sannan ya ce, “Amma wannan bai taɓa kiwo ba, dubi yadda ya riƙe sanda.” Ya miƙo mini wayar. Na ce masa zan sa Baffa ya tara mutane ya yi bayani. Ya ce, “In ya tara su ya ce ba haka ba ne, su ce kara yake yi wa surukai. In bai tara ba, su ce shiru ma magana ce. Bar shi ya huta.” Ya koma kan saniyarsa. Na lura bai kama kaskar ba sai a karo na biyu.

Da damina ta yi tsakiya maciji ya sari wata karsana a garken, ta mutu kafin a kai ga yanka ta. Ta wani Alhaji ce mai shagon kayan gini a Kazaure, wanda ubansa ma a wajen Kawu ya yi ajiya. Kawu ya feɗe ta, ya naɗe fata, ya ɗaura a bayan keke ya kai kamar yadda ya saba. Ya ajiye a ƙofar shago ya yi jaje. Alhajin bai kawar da kai ba. Ya kira yaran shagonsa ya ce su warware. Suka shimfiɗa fatar a bakin titi, mutane na wucewa, ya sa tabarau ya duƙa ya kama kunnen yana juyawa. Shaidarsa ce, ba shakka. Ya miƙe ya ce, “To, Allah ya kyauta. Zamani ne, Malam, sai da dubawa.” Kawu ya ce haka ne. Shi ya naɗe fatar da hannunsa ya jingine ta a bango, ya hau kekensa.

Sati bai zagayo ba Alhajin ya aiko mota ta kwashe sauran shanunsa. Ya ce zai gwada kiwon gida ne. Daga nan ƙofa ta buɗe. Wannan ya ce zai aurar da 'ya, wancan ya ce zai biya wa yaro makaranta, wani ya ce kujerar Makka. Ba wanda ya ce wa Kawu ga dalili, kowa da uzurinsa mai kyau, kowa sai ya yi godiya ya yi addu'a. Duk zuwan da zan yi sai in ga turaku sun ƙaru da ba komai a jikinsu. Dangwalin da a da ba ya isar maruƙa ya koma rabi a ƙasa.

Wata rana da hantsi ina can 'yan banga suka zo, samarin ƙauyenmu ne, da bindigogin toka da sanduna. Wasunsu Kawu ne ya ba iyayensu ragon sunansu bashi. Suka ce gaisuwa suka zo. Suka ƙi zama, suka ƙi fura. Suka zagaya bukkoki suna leƙe, suka tambayi ko yana da waya, da wa da wa yake kira, ko baƙi na kwana a nan. Babbansu yana magana yana kallon kuncin Kawu, ba idonsa ba. Da za su tafi ya ce, “Baba, in wani abu ya faru a yankin nan, ka san nan za a fara zuwa. Gara mu gaya maka.” Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya ɗaga mini hannu. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don na ga ba sa jin suna yin wani laifi.

Shanun Baffa ne suka rage a ƙarshe, da na Kawun kansa. Na Baffa tsatson saniyar nan ta farko da aka kawo wa dagaci ne, ba su taɓa kwana a wani garke ba. Ina da yaƙinin ko kowa ya janye, shi ba zai janye ba, kuma muddin suna can mutane za su ce to ga ɗan dagacin ma bai yarda da zancen ba. Da kaka ta yi sai Inna ta kira ni ta ce in zo. Na tarar Baffa ya sa an kafa turaku a bayan gida.

Na durƙusa na ce, “Baffa, kai fa ka san gaskiya.”

Ya ce, “Na sani. Ba don na yarda ba ne. Amma an ce in aka zo kora, rugar kawunki za a fara, ko ɓarayi ko mutanen gari. In bar dukiyar marayu a can?” Har da mu a marayun, da ni da ƙannena. Na ce ni na yafe rabona. Ya ce ba ni kaɗai ba ce. Bai iya haɗa ido da ni ba, ni kuma a ranar na ji na tsane shi, Allah ya yafe mini, duk da na san tsoro ne ba mugunta ba.

Ya aika samari su taho da su, shanun suka ƙi. Da an kora su sai su watse su koma wajen Kawu. Aka yi ta fama har rana ta take, samarin suka dawo hannu biyu. Can bayan azahar muka ji kiran shanu daga bakin gari, irin kiran da Kawu kaɗai ke yi. Muka fito ƙofar gida ni da Inna. Shi ne a gaba, sanda a kafaɗa, shanun na biye da shi a natse ta tsakiyar ƙauye, mutane sun fito suna kallo. Ya naɗa rawani ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya sauko da naɗin ya rufe goshi. Kawu bai taɓa naɗa rawani ba, ko ranar Idi malafa yake sawa.

Ya kai su bayan gida ya ɗaure kowace a turkenta. Ya gaya wa Baffa wadda ke da ciki, da wadda ba ta son a taɓa mata kunne, da wadda sai an jiƙa mata dusa. Baffa ya ce ya shigo su zauna, ya ce rana ta yi. Da ya zo wucewa Inna ta tare shi da kwanon ruwa.

“Yaya, shigo ka sha ruwa.”

Ya tsaya. Shan ruwa sai ya sauke amawali, ga mutane tsaye. Ya dubi kwanon ya ce, “Na gode, na sha a hanya.” Ya ce ta gaida yara, ya wuce.

Kafin a gama girbi ya tashi. Ya kora 'yan shanunsa ya bi ta Babura ya tsallaka iyaka, wajen wasu dangin matarsa, inda ba a san askar kowa ba. Bai yi sallama da mu ba, sai dai ya aiko. Mun yi ta cewa za mu je, yau hanya ba kyau, gobe makaranta, har shekara ta juyo aka aiko mana ya rasu, zazzaɓi na 'yan kwanaki. A ƙauyenmu ba a kore saniyar kowa ba, ba a ɗauki kowa ba, har yau. Fim ɗin ma an daina zancensa, wasu sun fito sun rufe shi.

Inna tana wajena yanzu a Kazaure, idonta ya fara rauni. Ba mu da hoton Kawu ko ɗaya. Wani lokaci in na dawo daga makaranta, ta idar da la'asar, sai ta ce, “Kawo mini wayar nan.” Na san abin da take nufi. In nemo wurin da mutumin ya durƙusa ya cire malafa, in tsayar da shi daidai inda fuskar ta cika allo. Takan ce in kashe muryar tukuna. Sai ta kawo wayar dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, ta bi billen da ɗan yatsa tun daga gefen hanci har ƙasa.